Zanen Hannu da Bugun Inji a Ƙofar Masallacin Treichville

Treichville tana ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddibuwa. Tana hayin ruwa, kudu da unguwar Plateau inda manyan ofisoshi suke, gadoji biyu ne suka haɗa su. Faransawa ne suka yanka titunanta a miƙe sar, wannan ya ratsa wancan kamar gidajen dara, kowane titi kuwa da lambarsa. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951 baƙi suke ta kwarara cikinta, mutanen Mali da Senegal da Burkina, da Yarabawa, da Hausawan Maradi da Tawa da Damagaram da Kano.

Wanda ya bi ta wajen babban masallacin Treichville ran Jumma'a zai tarar kasuwa ta ci tun kafin a kira salla. Ga dardumai a jibge, ga carbi da turare da huluna, ga littattafan addu'a da kalanda. A jingine da bango kuma akwai hotuna cikin firam da gilashi, na Ka'aba, na masallacin Madina, na ayoyin da aka rubuta da ruwan zinariya. A tsakaninsu akan ga waɗansu waɗanda babu gini a ciki, babu rubutu, babu mutum ko dabba, sai taurari masu tsini takwas, da layuka masu saƙa juna, da launi bisa launi. Irinsu ake gani a Adjamé, can arewa da Plateau, a kewayen babban masallacinta da tashar motoci. Da yawa daga cikinsu a kwantena suke zuwa daga Sin da Turkiyya da Dubai, ba kuwa sunan kowa a jikinsu. In mutum ya haura Cocody, inda masu hali suke zaune, yana iya samun 'yan'uwan hotunan nan a shagunan kayan adon gida, a kan takarda mai kauri, wani lokaci har da lamba da sa hannu a ƙasa, kuɗinsu kuwa ya ninka na Treichville ninkin ba ninkin.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa irin wannan zane, wato zanen layi da kusurwa, shi ne mafi sauƙin kwafa. Gama, in ji su, ba fuskar mutum ba ce balle a ce hanci ya karkace ko ido bai fita ba. Layi ne kawai da launi, inji ma ya fi hannu iya su. Wannan zato yana bukatar a duba shi da kyau, domin a kansa ne dukan cinikin nan yake tsaye.

Turawa sun daɗe suna ganin aikin mai zane shi ne ya kwaikwayi abin da ido ya gani, sarki bisa doki, ko jirgi a kan teku. Sai a farkon ƙarni na 20 waɗansunsu suka juya baya ga wannan. A Disamba 1915, a birnin Petrograd na Rasha, Kazimir Malevich ya nuna wani zane wanda ba kome a ciki sai baƙin murabba'i a kan fari. Ya kuwa rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, daidai inda Kiristocin Rasha sukan ajiye hotunan ibada a gidajensu, kowa kuma ya gane abin da yake nufi. Piet Mondrian, mutumin Holan wanda ya rasu a 1944, ya rage aikinsa har ya koma baƙaƙen layuka, na tsaye da na kwance, da launi uku kaɗai, ja da shuɗi da rawaya, a cikin fari da ruwan toka. A lokacin an yi ta gardama ko wannan zane ne ko wasan yara.

Da an kai wannan gardama Zariya ko Damagaram, da magina sun yi dariya. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin zanen da ba ya kwaikwayon halitta. Yana nan a fuskar zaure, inda magini yake tayar da laka da hannu ya fitar da da'ira da gicciye-gicciye da dagi. Yana nan a gaban babbar riga, aska biyu da aska takwas da tambari da gidan biyar. Yana nan a bayan ƙwarya, da tabarma, da jakar fata, da hula. Yana nan kuma a allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar karatu, inda mai zayyana yake kewaye rubutu da gidaje-gidaje na ja da rawaya da kore da baƙi. Malaman Musulunci da yawa ba su yarda a zana mai rai ba, balle a wurin salla, wannan kuwa ya ƙara wa zanen layi ƙarfi a ƙasashen Musulmi. Amma masu sassaƙa ƙwarya da masu saƙar tabarma, Musulmi da Kirista da Maguzawa, kowa yana da rabonsa a ciki. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ya yi wa ginshiƙai da bakan gizo na masallacin ado da wannan zane shekara wajen tamanin kafin Malevich ya rataye nasa.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce abin Mondrian da abin maginin Zariya ɗaya ne, ko a ce wancan ya sace na wannan. Bambancin yana nan fili. Zanen Bahaushe a jikin wani abu yake zaune: bango, riga, allo. Yana da aiki, yana faɗar matsayin mai gida ko ya nuna cewa yaro ya sauke. Baturen kuwa ya ciro zanen daga jikin kowane abu, ya sa shi a firam shi kaɗai, ya rubuta sunansa. Hoton da ake sayarwa a ƙofar masallacin Treichville ya ɗauki zanen ƙasashen Musulmi ya bi da shi hanyar Turawa, ya ciro shi ya sa a firam. Suna ne kawai ya bari a baya.

To, me inji yake iya ɗauka? Wanda ya san Mondrian a kalanda ko a bayan littafi yakan zaci aikinsa sumul yake kamar farantin tangaran. Waɗanda suka tsaya gaban zanen kansa suna ganin wani abu dabam. Farin ba ɗaya ba ne, kowane gida da irin nasa, sawun buroshi kuma yana bin wannan gida a tsaye, ya bi wancan a kwance. Baƙin layin an shafa shi sau da yawa, yana ƙyalli inda farin bai yi ba. A waɗansu zanen layi yakan tsaya kaɗan kafin ya kai baki. Akwai wuraren da ake gane cewa ya matsar da layi ya rufe tsohon gurbinsa da fenti. Baƙin murabba'in Malevich ma, wanda yake gidan ajiyar zane na Tretyakov a Mosko, ya tsattsage kamar fadama da rani, launin da yake ƙarƙashi yana leƙowa ta tsagin, kuma gefunansa huɗu ba su yi daidai da juna cif ba. A bugu duk wannan yakan ɓace. Abin da ya rage shi ne tsarin, wato inda layi ya bi da inda launi ya zauna. Kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Akwai wani labari mai ban dariya game da Mondrian. Wani aikinsa na 1941, New York City I, wanda ya yi da tef mai launi, an fara nuna shi a 1945, yana kuma rataye a birnin Düsseldorf na Jamus tun 1980. Sai a 2022 wata ma'aikaciyar gidan ta nuna cewa a kife aka rataye shi duk shekarun nan, sama a ƙasa. An bar shi a haka, domin tef ɗin ya tsufa, ana tsoron in an juya zai zube. In masana sun yi fiye da shekara 75 suna kallon zane a kife, mai shago da ya karɓi nasa daga kwantena ba shi da laifi in ya rataye yadda ya ga dama. Amma labarin ya nuna cewa a zanen layi har sanin sama da ƙasa ilimi ne da yake tafiya tare da sunan mai aikin da tarihinsa. In an raba su, ba mai iya dawo da shi.

Asarar ta fi yawa a wajen zanen gida. Adon fuskar zaure tudu ne da kwari, rana ce take gama zana shi. Da hantsi inuwa tana faɗuwa gefe ɗaya, da la'asar ta koma ɗayan, bangon kuwa sai ya zama kamar an sāke shi. Hoto yana kama sa'a ɗaya tak daga cikin yinin. A duba dagi, wanda Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta a zamanin Sardauna. Dagi saƙa ce ta igiya, inda igiyar take bi ta sama, sa'an nan ta bi ta ƙarƙashi, sa'an nan ta kai kuma, har ta komo inda ta fara. A bango ko a ɗinkin riga, igiyar da take sama a sama take da gaske, yatsa yana jin tudunta. Gwanin ɗinki ba ya yarda igiya ta hau sau biyu a jere. Mai karatu ya gwada bin dagin da aka buga a leda ko a kalanda da yatsa. Sau da yawa zai tarar igiyar ta hau sau biyu, ko ta ɓace gaba ɗaya a mahaɗa, gama wanda ya kwafa siffa ya gani, bai san yadda ake ƙulla ta ba.

Haka tauraro mai tsini takwas. Murabba'i biyu ne daidai wa daida, aka ɗora ɗaya bisa ɗaya aka karkata shi rabin kusurwa. Kyansa duka a awo yake: kowane tsini tsawonsa ɗaya, dukansu kuwa suna taɓa da'ira guda. Mai aikin kwamfuta, in firam ɗinsa ya fi hoton tsawo, sai ya kama gefe ya ja har ya cika. Nan take da'ira ta zama ƙwai, waɗansu tsinin sun fi waɗansu tsawo. In fuskar mutum aka ja haka kowa zai ce an ɓata ta. Tauraro kuwa ba ya ƙara, shi ya sa ake yi masa. A nan ake gane cewa zaton nan na farko a kife yake. Hoton mutum ko na gari, ko launi ya kauce ko awo ya ɗan goce, labarinsa yana nan. Zanen layi ba shi da labarin da zai jingina da shi. Awo ne da launi da jikin abin da aka zana a kai, in waɗannan sun tafi me ya saura?

Ba a rasa abin gwadawa a Treichville ɗin kanta ba. A Afrilu 2024 aka buɗe masallacin Muhammadu na Shida, wanda Maroko ta gina a unguwar bisa tsarin gininta. Adon tayil da aka san Maroko da shi, musamman birnin Fas, ba a buga shi. Akan gasa tayil mai launi ɗaya, mai sara ya yanka shi ƙanana-ƙanana da guduma mai kaifi, a jera gutsattsarin a ƙasa fuska a kife, a zuba musu abin riƙewa ta baya. Mai jerawa ba ya ganin fuskar aikinsa sai an ɗaga. Kowane gutsure yana karɓar haske ta gefensa, shi ya sa bangon yake walƙiya in mutum yana tafiya. Tayil ɗin kamfani mai irin wannan hoto, wanda ake samu a shagunan kayan gini, daga nesa yana iya ruɗin mutum, amma in an matso sai a ga fuska ɗaya ce shafaffiya, tauraro ɗaya yana ta maimaita kansa da aibinsa ɗaya.

Masu zanen Abijan sun taɓa ba da tasu amsa, amsa mai taurin kai kuwa. A shekarun 1970 ɗaliban makarantar koyon zane ta birnin, waɗanda fenti da ƙyallen zane na Faransa suka fi ƙarfin aljihunsu, suka koma ga abin da yake kusa: yashi, ƙasa mai launi, ɓawon itacen da aka daka ya yi laushi kamar ƙyalle, igiya, wuri, gashin tsuntsu. Malaminsu Serge Hélénon, mutumin tsibirin Martinik, ya ƙarfafa musu gwiwa. Aka yi wa aikin laƙabi da Vohou-Vohou, kalmar harshen Guro mai nufin tarkace, su kuwa suka karɓi sunan. A 1985 suka nuna aikinsu tare a cibiyar al'adun Faransa ta Abijan. Cikin sunayen da aka sani akwai Youssouf Bath, da Théodore Koudougnon, da Kra N'Guessan, da Mathilde Moreau. Ba dukan aikin Vohou-Vohou ne zanen layi da kusurwa ba, ba kuma dukansa ne ya yi kyau ba. Akwai wanda tarin tarkace ne kurum, sunansa ya bi shi. Amma mai kyansa yana da abin da ya gaji inji, domin yashi da igiya ba sa shiga firinta. In an ɗauki hotonsa an buga, hoton yana shaida da kansa cewa shi hoto ne, ba mai ruɗuwa.

Wannan ba ya nufin kowane bugu ƙarya ne. Akwai bugun da shi kansa aikin hannu ne, tun farko don bugu aka yi shi. Victor Vasarely, haifaffen Hangari wanda ya zauna Faransa har ya rasu a 1997, ya yi wa'azin wannan tun daga 1955: a ganinsa bai kamata zane ya zama abu guda tilo a ɗakin attajiri ba, a tsara shi yadda za a iya yin ɗari. Hanyar da ya fi bi ita ce bugun rariya, irin wadda ake buga rubutu a rigunan makaranta da ita. Akan ɗaure ƙyalle mai ƙananan ramuka a katako, a toshe inda ba a so fenti ya bi, a tura fenti ta sauran. Kowane launi da rariyarsa, kowanne kuma fenti ne da aka dama shi daban, yana kwanciya a takarda da kaurinsa. Zanen layi ya dace da wannan hanya ƙwarai, domin launinsa shimfiɗaɗɗe ne, bakinsa kuma yankakke.

A Nijeriya babban misali shi ne Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya yi karatu a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ya ba da yawancin ransa ga bugu. Yakan sassaƙa faranti, ya shafa tawada, ya matse takarda a kai har ta ɗauki tudu da kwarin farantin. Masu bi da yawa sun san shi ta hanyar zanensa na tashoshi 14 na hanyar gicciye. A irin wannan aiki ba wani zane na asali da aka ɓoye a wani wuri, kowace takarda da ta fito ita ce aikin. Mai zanen yakan duba ta, ya sa hannu da fensir, ya rubuta lamba kamar 12/50, wato ta 12 cikin 50. Lambar tana da dalili, gama faranti yana cinyewa da matsa, na ɗari biyu ba zai yi kaifin na goma ba.

Kano ma tana da nata bugu mai gaskiya, wanda Hausawan Treichville suka saba da shi tun suna yara. Marubuci yakan rubuta littafi da alƙalami da tawada, ya yi masa zayyana, sa'an nan a ɗauki hoton shafukan a buga dubbai a maɗaba'a. Rubutun Sharif Bala Gabari ya zaga Afirka ta Yamma ta wannan hanya. Ba wanda ya taɓa cewa takardar kasuwa ita ce ta hannun malam. Kuɗinta kaɗan ne, galibi kuma a shafin ƙarshe akan sami sunan wanda ya rubuta da na wanda ya ɗauki nauyin bugawa. Bugu ne mai araha wanda bai ɓoye kansa ba, bai kuma binne mai aikin ba.

Wanda ya fi bukatar a sa masa ido shi ne bugun zamani da ake kira giclée. Wani mai bugu a Kalifoniya, Jack Duganne, shi ya ƙago sunan a 1991 daga kalmar Faransanci mai nufin fesawa, domin masu saye ba su son jin cewa firintar kwamfuta ce ta yi. Firinta ce kuwa, mai fesa ɗigon tawada ƙanana ƙwarai. Sai dai babba ce, tawadarta tana kai kala goma ko fiye, takardarta ta auduga ce, launinta kuma yana daɗewa. A wajen kama launi ta fi bugun kalanda nesa ba kusa ba, wanda da tawada huɗu kaɗai yake haɗa kome. In mai zane ya tsaya a kai, ya gwada launi da na asali, ya rubuta a fili cewa kwafi ne, ba abin zargi. Inda maganar take lalacewa shi ne wajen lamba. Abin da yake cikin kwamfuta ba ya cinyewa kamar faranti. Na dubu da na fari ɗaya suke. Saboda haka 12/50 a kan irin wannan takarda alkawari ne kawai cewa ba za a ƙara danna maɓalli ba. Mai saye alkawarin yake biya, sai ya san bakin wanda ya yi shi.

Ba wanda zai koya wa 'yan kasuwar Hausa na Abijan cewa labari ne yake sa kuɗi. Christopher Steiner, wani masani Ba'amurke, ya zauna da dillalan kayan sassaƙa a kasuwar Plateau da ɗakunan ajiyarsu na Treichville, ya fitar da littafinsa African Art in Transit a 1994. Ya nuna yadda Hausawa da Wolof da Jula suka tsaya tsakanin masassaƙan ƙauye da masu saye na Turai, da yadda akan tsufar da sabon itace da hayaƙi da ƙura domin Bature tsoho yake so. A 1992 kuma Ilisa Barbash da Lucien Taylor suka fitar da fim, In and Out of Africa, wanda ya bi wani dillali Bahaushen Nijar, Gabai Baaré, daga Kwaddibuwa har Amurka. An sha zagin dillalan nan da cewa 'yan jabu ne. Amma wanda ya shafa wa sabon itace hayaƙi, da wanda ya sa wa takardar firinta sunan Faransanci da lamba, sana'arsu ɗaya, kowa yana sayar wa mai saye abin da yake so ya ji. Na biyun dai ya fi shago mai kyau.

Abin da ya fi ciwo a cikin duka shi ne suna. Zanen Mondrian ya hau riga a 1965, sa'ad da Yves Saint Laurent ya ɗinka rigunan mata da shi a Faris, har yau kuwa rigar Mondrian ake ce da ita. Esther Mahlangu, 'yar ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu, zanen bangon gida ta koya wurin uwarta da kakarta, kamar yadda yaran magina suke koya a Zariya. An gayyace ta Faris a 1989, a 1991 kuma kamfanin BMW ya ba ta mota ta zana, tun daga nan sunanta yake tafiya tare da aikinta. Amma zanen bogolan na matan Mali, da ratsin saƙar Baule ta Kwaddibuwa, da dagi da aska takwas, sun hau atamfa da labule da kalanda da kwalin kaya ba iyaka, ana ce musu zanen gargajiya, kamar daga ƙasa suka tsiro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gaskiya ne ba mutum ɗaya ya ƙago dagi ba. Amma wannan dagin da yake fuskar wannan zaure, wanda aka ɗauki hotonsa aka buga, hannun wani ne ya yi shi, yana da suna, yana da unguwa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shirya nunin kayan fasahar Hausa a Landan a 1976, ya rubuta sunan Musa Yola, mai adon bango a Zariya, da aikinsa. Abin da ya sa ake tunawa da Musa Yola ke nan. Sauran ɗaruruwan abokan sana'arsa gidajensu suna rushewa, ana sāke su da bulo, hotunansu suna yawo ba uba.

Za a iya cewa wannan duk maganar masu ƙoshi ce. Lebura a tashar jirgin ruwa, ko mai gadi, ko mai tura baro a Adjamé, wanda yake haya ɗaki ɗaya, ina shi ina bugun rariya? In ya sayi tauraro mai firam ya rataye bisa gadonsa, ɗakin ya yi haske, ya kuma tuna masa da gida. Da babu gara ba daɗi. Wannan gaskiya ce, ba kuwa wanda ya isa ya raina ta. Ikilisiyoyi da yawa ma ta hanyar bugu mai araha suka san hotunan Yesu Mafa, waɗanda aka fara a 1973 tare da jama'ar Mafa ta arewacin Kamaru, da ba don bugu ba da ba su fita daga duwatsun nan ba. Arahar ba ita ce aibin ba. Bugun Kano ma mai araha ne. Bugawa da awo daidai ba ta fi jan hoto a kwamfuta tsada ba, layi ɗaya kuma a ƙasan takarda mai faɗin wanda ya zana da garinsu ba ya cin tawadar kirki. Rashin kula ne ya hana, da kuma sanin cewa mai saye ba zai tambaya ba.

Wanda yake so ya san abin da yake saye ba ya bukatar ilimin jami'a. Ya karkata takardar ga haske: bugun rariya yana da kauri, ana ganin bakin kowane launi a tashe, bugun faranti yakan bar gurbi a kewaye inda aka matsa, bugun kalanda kuwa, in an kawo ido kusa, ɗigo-ɗigo ne a jere. Ya duba sa hannun, ko fensir ne a bisa takarda ko shi ma bugawa aka yi. Ya auna tsinin tauraro da tsinken tsintsiya, ya bi igiyar dagi da yatsa. Ya tuna kuma da iskar Abijan mai laima da gishiri, wadda take shiga bayan gilashi ta sa takarda ta kumbura, da rana wadda takan fara cin ja da rawaya ta bar hoto shuɗi-shuɗi. Sa'an nan ya tambayi mai tebur wa ya zana. A ƙofar masallacin Treichville amsar da ya fi yiwuwa ya samu ita ce sunan garin da aka yi lodin kwantenar.